Mai Fentin Allunan Dogon Marke

Duk shekara, idan albasa ta fara hawa gingimari,
magajin gari kan aiko mini yaro
da jikka biyar da gwangwanin farin fenti:
a je a sabunta allon bakin kwalta.

Alluna biyu ne a hanyar Tawa, suna hararar juna.
Na gabas siminti ne, namu:
"A nan Abarshi ɗan Tankari da mahaya arba'in
suka kori mahara kafin azahar."
Na yamma ƙarfe ne, tsatsa ta ci gindinsa,
jikokin maharan suka kafa shi da kuɗin ci-rani:
"A nan mazan Tudun Gawo suka tsaya,
ba wanda ya ga ƙeyarsu."
Taki goma sha biyu ne tsakani, na auna.
Su ma suna biyana.
Buroshi ɗaya nake tsoma musu.

Kakata Hajo ta ji daga bakin uwarta
cewa faɗan bai kai nunar tuwo ba.
An ɗora ruwa ana jin kofato,
kafin a tuƙa, ƙura ta lafa.
Ta ce gonar wake aka yi wa sukuwa,
ta wata gwauruwa mai ƴaƴa huɗu,
waken ya fara fure.
Ta ce da la'asar wata goɗiya ta shigo gari ita kaɗai,
sirdi ya juye ƙarƙashin cikinta,
ta tsaya bakin rijiya tana jiran guga
kamar ba abin da ya faru.

Mutum bakwai aka tarar.
Rami ɗaya aka haƙa, ƙasar Adar dutse ce,
ba mai ƙarfin tambayar gawa garinsu.
Na bakwai ɗin bai taɓa hawa doki ba.
Gado sunansa, yaron da ke riƙe linzami
idan manya sun sauka shan ruwa.

Wata shekara hannuna ya kuskure,
na rubuta talatin a wurin arba'in.
Mahaya goma na kashe da safiyar Laraba,
damina biyu ba wanda ya zo ta'aziyya.
Direbobi ba sa karatu a wannan kwana,
hon suke yi wa awaki.

Bara, da fenti ya rage a gindin gwangwani,
na zagaya bayan allon siminti,
can ƙasa inda kare ke ɗaga ƙafa,
na sa haruffa huɗu, tsawon ɗan yatsa.
Na tsallaka titi na sa wa na ƙarfen ma,
tunda ban san ko yaron wa ba ne.

Wata ƴar lakwal ta gani tana jiran mota.
Ta ce, Baba, gadon wa ake rabawa?
Na buɗe baki, motar ta iso.

Yanzu da hantsi inuwar allonmu tana faɗuwa yamma,
da yamma ta nasu ta dawo gabas,
Tamo kuwa tana bin su da kujerarta da tukunyarta
tana sayar da shinkafa da wake.
An ce jinin gwauruwar nan ce.
Ban taɓa tambayarta ba.
Nakan wanke hannu da kananzir,
in zauna, in ce ta ƙara mini yaji.