Hannun Zane, Hannun Sa Hannu

A Obalende na gan shi, jikin wata danfo:
kwale-kwalen da na zana a daminar bara,
tsohon masunci ya duƙa yana jan koma,
har ɗigon shuɗin da ya zube mini bisa kuskure
yana nan, dab da tayar baya.
Sun mai da shi tallan ruwan gora.
Sunana kaɗai suka goge.

Na bi motar a guje har gindin gada,
yaron mota na daga mini hannu,
ya zaci fasinja ne ni.

Washegari na hau bene na uku a Igbosere,
ofishin Barista Uwani Tsafe,
inda fanka ke kuka kamar tsohuwar ƙofa,
takardu sun cinye kujerar baƙo.
Ta ce, "Wa ka sayar wa?"
Na ce, "Wani mai gidan baje zane a Ikoyi,
dubu tamanin cikin ambulan, har da lemo mai sanyi."

Ta ce, "Saurara, Malam Tanimu.
Wanda ya sayi allo, allo ya saya,
katako da ƙyalle da busasshen fenti.
Ya rataye a falo, ya ba surukinsa, ruwansa.
Amma ya buga shi sau dubu a jikin mota,
wannan wani haƙƙi ne daban,
ba ya barin hannunka sai da rubutu."

Zuciyata ta yi tsalle kamar kifi a ƙasan jirgi.

"Ka sa hannu a wani abu?"

Shiru.
Sai ƙarar janareton maƙwabta.
Na laluba aljihu, na zaro rasit,
wanda gumi ya riga ya mayar launin ƙasa.
Ta sa tabarau, ta bi da farce
can ƙasa, inda haruffa suka yi jerin tururuwa.
Layi biyu.
Layi biyu kacal da ban karanta ba,
don idona na kan ambulan.

Wata uku na yi ina haɗa shuɗin ruwan nan,
ina zuwa Makoko da asuba don in ga kalarsa.
Hannun da ya yi wata uku yana zane
shi ya kyautar da shi kafin ƙiftawar ido.
Ashe kaza ce ni, na kwana kan dami da yunwa.

Na miƙe zan tafi, ta ce, "Zauna.
Kwafin ya tafi, wannan ka sayar.
Amma suna ba ya cikin cinikin.
Babu rasit ɗin da zai ce wani ne ya zana."
Ta jawo takarda, ta fara wasiƙa.

Tun daga nan na sayi littafi mai baƙin bango.
Kowane zane da ranarsa, da faɗinsa, da mai saye.
In dillali ya ce, "Bar shi nan, in an saya na kira ka,"
sai in ce: kashi nawa naka? Har zuwa yaushe?
In rufi ya yi yoyo a kansa, asarar wa?
Wasu su yi dariya, wasu su ɓata rai,
ɗaya ya ce na zama lauyan fenti.
Yarona Ɗanjuma, da ke wanke mini buroshi,
na hana shi taɓa biro sai ya karanta da ƙarfi.

Jiya a Yaba, ana tsaka da ruwa,
danfon ta tsaya a gabana, cunkoso ya riƙe ta.
Na matsa, na share taɓo da gefen riga.
Ƙarƙashin kwale-kwalen, kusa da ɗigon shuɗi,
ga shi: Tanimu Gezawa.
Ƙanana ƙwarai haruffan,
daidai girman layi biyun nan.
Na tsaya cikin ruwa, na karanta har ƙarshe.