Tambaya ta Goma Sha Bakwai

Matakala ɗari da sittin da uku na ƙirga
kafin na kai ƙofar Don Eleuterio
a tudun Valparaíso, inda gidaje ke riƙe da juna
kamar masu tsoron santsi.
Jakata cike da takardun tambaya,
teku na can ƙasa, bai damu da hakina ba.

Malama Aravena ta ja mana kunne a aji:
"Kimiyyar siyasa ba hirar bakin titi ba ce.
Ku gano mai wuƙa, ku gano mai nama,
ku gano wanda aka bar wa ƙashi ya ce ya gode.
Kada ku sa baki. Lamba za ku rubuta."

Tsoho na ɓare lemo da farce.
Shekara arba'in ya yi yana dako a tashar jiragen ruwa.
Goma sha shida ya amsa ba gardama.
Sai na karanto:
Daga ɗaya zuwa biyar, nawa ka yarda da majalisa?

Ya ajiye lemon.
"Wacce? Wadda aka garƙame ina saurayi,
ko waccan da nake hangowa ta taga?"

Ya ce a ƙungiyar 'yan dako da hannu ake zaɓe.
Wansa Baldomero ya ɗaga nasa,
wani a bayan ɗaki yana ƙirgawa, ba don su ba.
Kwana uku mota ta zo.
Rigarsa ce kawai ta kwana a gida.
Ita yake sawa duk ranar zaɓe,
ko da ruwa ake kamar da bakin ƙwarya.

"Yarda? Kamar yadda na yarda da matakalar nan.
Ta taɓa karya mini ƙugu.
Amma ta ina kike so in sauka?"

Akwatin amsa bai fi ƙwayar wake ba.
Na rubuta uku.
Sauran na cusa a gefen takarda, har ta baya.

Da dare a ɗakin karatu
na zuba mutum ɗari huɗu da goma sha biyu a kwamfuta.
Ta tauna su, ta tofo mini biyu da ɗigo shida.
Na nemi tsoho a zanen,
ɗigo ne cikin ɗigo, ba riga, ba lemo.

Malama ta juya takardar, ta daɗe shiru.
Na shirya shan faɗa.
Ta ce, "Lambar ta gaya miki ba shi kaɗai ba ne.
Ba ta san dalili ba.
Wa ya ƙirga hannuwan? Wa ya biya shi? Kin tambaya?"

Ban tambaya ba.

Ran Asabar na koma da littafi fari fat
da lemo shida a leda.
Wannan karon ɗari da sittin da huɗu na samu.
Ashe akwai wadda na tsallake.