Munduwar Hagu

Ran Laraba, kwana arba'in da uku da rasuwar Inna,
Yaya Lawandi ya aiko yaro daga Rafindadi:
a wanke azurfa kafin Asabar,
mai sikeli zai zo, za a raba gado.
Na sauko da kwallarta daga bisa sif,
na kwance ƙullin da ta ɗaure da igiya.

Munduwa biyu. Sarƙa mai jerin sulalla.
Zobe huɗu, da ɗan kunnen da ya rasa ɗan'uwansa
tun daminar da ruwa ya ci katangar baya,
da ɗan bututun kwalli wanda murfinsa ya cije.
Duk sun yi baƙi kamar gindin tukunya.

Rumasa'u ta ce, "Umma, ai makilin ake sawa."
Na ce, ɗebo min toka a murhu, ki tankaɗe,
ƙwayar yashi ɗaya sai ta yi wa azurfa tsage.
Yanko lemun tsami biyu.
Ruwan ya yi ɗumi, kada ya tafasa,
ki zuba shi kan tsamiya.

Haka Inna kan yi duk jajiberin salla,
bisa kifaffen turmi, ƙafa ɗaya a miƙe.
Takan ce, "Azurfa ba ta tsufa, fushi take yi
in an daɗe ba a taɓa ta ba.
Ba a yi mata ƙarfi,
lallashinta ake kamar jaririya."

Na tsoma, na jira, na tsamo.
Na naɗa tsumman farin zani a ɗan ali,
na dangwali toka, na bi zanen maƙeri lungu-lungu.
Zobe ya fara buɗe ido.
Sulalla suka fito da kan wani Bature mai gemu.
Ruwan ya koma kamar wankin allo,
wani tsohon yankan wuƙa a yatsana ya farka da raɗaɗi,
Rumasa'u na leƙa hancinta a jikin bututu
tana dariya.

Munduwa ta farko ta fito sol,
kamar rogon da aka ɓare yanzu.
Ta biyu na goga, na goga.
Baƙin ya tafi, farin ya bi bayansa,
wani ja ya leƙo daga ƙasa.
Na ƙara toka. Jan ya ƙaru.
Tagulla ce, aka yi mata wanka da ruwan azurfa.
Na ajiye tsumma,
abu ya tsaya min a wuya.

Shekarar da na ci makarantar ungozoma,
Baba ya yi wata bakwai a ƙasa, kuɗin rajista babu.
Inna ta yafa gyale, ta ce za ta Darma barka.
Ta dawo da la'asar, munduwa biyu a hannu biyu,
ta zaro kuɗi a lalita, ta ce adashi ta kwasa.
Shekara talatin tana kaɗa su a gidajen suna,
ba kunnen da ya ji amonsu ya bambanta.
Ta dama kawai take tsomawa a tsami,
ta hagu sai ta hura mata baki, ta shafa da gefen zani.
Ina zaune ina gani kowace salla,
ban taɓa tambaya.

Ran Asabar mai sikeli zai juya ta, ya taɓe baki,
ya ture ta gefe da bayan hannu.
Zan ce wa Yaya Lawandi a sa min ita a rabona,
in ya ce don me, in ce ta dace da hannuna.
Ba dukanta ba ce ƙarya.

"Umma, ta lalace ne?"
Na ce, miƙo ruwa mu ɗauraye, magariba ta yi.
Hannun Inna siriri ne, nawa ba haka ba,
sai da na shafa sabulu ta wuce gaɓa.
Sauran suna shan iska bisa faifai, suna walƙiya.