Kwatance Ga Baƙon Da Ba Ya Tambaya

Litinin, Samaru, ɗaki na uku a bene,
fanka na juyi kamar dole aka yi mata.
Malam Ilu ya dire min takarda shafi arba'in:
"Barmani, ga bayanin manhajar taswira.
Ba don ke aka rubuta ba.
Miƙa wa na'urar nan mai zuwa aike,
ki zauna ki ga inda za ta kwana."

Na ce to.

Aiken farko ɗan ƙarami ne:
ƙirgo min rijiyoyin burtsatse na Tudun Wada.
Ta dawo shayina bai huce ba,
da ɗari biyu da sha ɗaya,
wasu na Kaduna, wasu na Kano, namu bakwai a ƙasa.
Wace Tudun Wadar? Littafin bai ce a bambance ba.
Na ja jan layi a shafi na shida.

Na biyu, na ba ta lambobi,
sha ɗaya da ɗigo, bakwai da ɗigo.
Wanne ke gaba, na arewa ko na gabas?
Marubucin ya sani, ya bar wa cikinsa.
Ta sa su a hagunce kamar takalmin yaro,
ta ɗauki Ƙofar Doka da ganuwarta
ta ajiye a dajin Taraba,
ta ce: an kammala.

Na yi dariya har mai shara ta leƙo.
Sai dariyar ta tsaya min a wuya.

Babana ya yi shekara talatin yana raba wasiƙu a keke.
Ambulan ya ce: gidan mai lalle, bayan rimi, Limancin Kona.
Rimin ya faɗi tun ban zo duniya ba,
wasiƙa kuma ba ta taɓa kwana a jaka ba.
In lungu ya rikice, ya sauke ƙafa gun wanzami.
Matambayi ba ya ɓata, haka ne,
amma wannan baƙuwar ba ta da wanzami,
ba ta san sallama a zaure ba.
Takarda ce uwarta, takarda ce ubanta.
Abin da aka manta a rubuta,
a wurinta Allah bai halicce shi ba.

Na uku: shata min inda Kubanni ke kaiwa in ta cika.
Littafin ya ce, tazara, ɗari biyar.
Ɗari biyar na me? Mita? Taku? Kamu?
Da ta yi tuntuɓe, manhaja ta ce "kuskure",
kalma ɗaya, kamar mai gadin da ya ce ba shiga
ya koma kan rediyonsa.
Sau goma sha bakwai ta buga ƙofar nan.
Na ƙirga.

Amma shafi na ashirin da uku,
ko wane ne ya zauna ya rubuta shi,
Allah ya jiƙan mahaifansa.
Ya kawo misali har da abin da zai dawo,
ya ƙara: in ka ga gurbi ba komai,
ba wai babu rafi ba ne, ba a je an auna ba ne.
Nan ta bi hanya ɗoɗar, ba gargada,
har ta ce min, wannan ban sani ba.
Duk yinin nan ban ji magana mai daɗinta ba.

La'asar, Malam Ilu na son maki cikin goma.
Na rubuta huɗu.
A ƙasa na ƙara da fensir:
ba nata ba ne, namu ne.

A bakin titi mai adaidaita ya ce, ina zuwa?
Na ce, can wajenmu dai.
Ya dube ni.
Na gyara zama, na fara daga farko:
Gyallesu, ka wuce famfo na biyu,
hannun dama in ka ba gabas baya.