Mai Tuta Bai Tsaya Ba

A ƙasan adakar Inna Tasalla,
ƙarƙashin zannuwan da ta daina ɗaurawa,
na tarar da gwangwanin alewa,
tsatsa ta kama murfin, sai da wuƙa.
Hotuna tara. Biyu gara ta sha.

Bayan kowanne da hatimi shuɗi:
Ajao Mai Hoto, Bakin Tasha, Ƙaura.
Shekarar ta goge, bakwai kaɗai ta rage
tsaye kamar lauje.

Na ukun na fi daɗewa a kai.
Kan jirgi ne, na dizil, ya cika takarda,
faffaɗan goshi, fitila guda,
har ƙusoshin haƙarƙarinsa ana ƙirgawa.
Bayansa taragai sun yi jere,
gyaɗa, auduga, ƙullin fatu,
da ƙahon wani sa da ya leƙo tsakanin katako
yana ban kwana da Zamfara.
Direba ya zuro gwiwar hannu ta taga,
ya karya hula. Ya san da shi ake.

Can gefen dama, wani dishi-dishi,
rabi mutum, rabi hayaƙi.
Inna ta aza yatsa a kai:
"Wanga shi na ubanka.
Ajao ya ce kowa shi tsaya cik.
Shi ko Nomau, tuta na hannunai,
jirgi na jiran shi. Ina shi ina tsayi?"

Shekara huɗu gare ni ya rasu.
Fuskar nan na nema a madubi,
na nema a fuskar baffannina,
yau ga ta a tafin hannuna
kuma babu ita.
Ƙarfe ya fito tas,
mutum ya motsa.

Akwai abin da Ajao bai iya wankewa:
warin gas da ke bin rigar Baba
har cikin kwanon tuwo,
ƙugin da ke tasowa daga wajen Gusau
tun kan a hango ko hayaƙi,
da ruwan randarmu da ke rawa shi kaɗai.
Inna ta ce da shi take sanin lokaci,
in ya girgiza, ta ɗora sanwa.

A nan dogo ya ƙare, in ji manya,
duk mai zuwa Ƙaura ya zo ke nan,
ba a zarcewa.
Masu dako, masu tallan dafaffen ƙwai,
ɗan goro da ke jiran huhunsa daga kudu,
duk suna cikin hoto na biyar,
ba wanda Inna ta ce yana raye
sai yarinyar da ke ɗauke da faranti.
Ita ce. Ta yi dariya ba haƙori.

Da la'asar na taka zuwa tashar.
Ciyawa ta haɗiye katakon layi,
akuya na tuƙa inda aka sai da tikiti,
wata ta shanya barkono a dandamali.
Na auna da hoton, na sami gurbin,
taku shida daga bakin ƙarfe.

Na miƙa wa wani yaro wayata.
Ya ce, "Baba, tsaya cik."
Ban san sanda hannuna ya tashi ba,
ba tuta, ba jirgi.

Ya duba, ya ce, "Ka motsa, a sake."
Na ce, bar shi haka.