Kwana Goma Sha Ɗaya

A gidanmu na Lieksa
labarin kakana Oskari ya fi shi tsawo.
An ce tabon da ke haƙarƙarinsa harbi ne.
An ce ya kwana uku cikin ƙanƙara bai motsa ba.
Shi dai bai faɗa ba, bai kuma musa ba.
Da an tayar da zancen yaƙi
sai ya tuna akwai itacen da bai faskara ba,
ya ɗauki gatari, ya bar mana ƙofa a buɗe.

Shekara goma sha tara bayan mun rufe shi
na shiga jirgin ƙasa zuwa Mikkeli,
gidan da ake ajiye tsofaffin takardu.
Wata mata mai tabarau a wuya
ta karɓe birona, ta ba ni fensir,
ta ce in jira.
Na zaci akwati za a turo.

Ashe duk yaƙin mutum
kati ɗaya yake ci, gaba da baya.

Timonen, Oskari. Manomi.
Ido ruwan toka. Haƙori biyu babu.
Aiki: jan keken doki, kai miya bakin daga.
Gurbin lambar yabo fari fat,
ko ƙuda bai taɓa sauka a kai ba.
Gurbin rauni, layi ɗaya.
Harbi ne kam, ba su yi ƙarya ba,
sai dai goɗiya ce ta yi harbin.

Na yi dariya har mai tabarau ta ɗago kai.
Sannan dariyar ta tsaya mini a maƙoshi.
Don wannan na biya kuɗin jirgi?

Na juya katin.
Can ƙasa, da wani hannun, da tawada mai kauri:
Yuli, alif ɗari tara da arba'in da biyu,
ya bar sansani ba izini.
Kwana goma sha ɗaya.
Ya dawo da ƙafarsa.
An tambaye shi dalili, ya ce: ciyawa.
Hukunci, kwana ashirin a kulle.

Ciyawa.
Magatakarda bai ƙara ko ɗigo ba.

Na san watan nan.
Dare ba ya yin duhun da zai ɓoye ɓarawon kaza,
balle soja.
Daji, fadama, sauro kamar hayaƙi,
tafiyar kwana uku in takalmi bai ci amana ba,
uku kuma na komawa.
Saura biyar.
A gida kakata Lempi ce kaɗai, da saniya biyu,
da lauje, da fili har bakin tafki.
In ba a yanka a Yuli ba
me dabba za ta ci in ƙanƙara ta rufe ƙofa?

Ban san abin da ya sa na fara lanƙwasa yatsu ba.
Agusta. Satumba. Oktoba.
Hannu ɗaya ya ƙare, na shiga ɗayan.
A kan Afrilu na tsaya,
watan da muke kunna wa mahaifiyata kyandir.

Daga bakin titi na kira ta.
Raili, shekara tamanin da ɗaya,
kunne ɗaya ya yi ritaya.
Na karanta mata sau biyu, da ƙarfi,
masu jiran bas suna saurare.
Shiru ya yi tsawo har na duba ko layi ya yanke.

Sai ta ce,
"Inna takan ce ba a taɓa ciyawa irin ta shekarar nan ba.
Ni kuwa na ɗauka ruwan sama take yabo."

Ta yi tari. Ta tambaya ko na ci abinci.
Har zan kashe ta ce,
"Ba su rubuta sunan goɗiyar ba?"

Ba su rubuta ba.