Lissafin Cindo

Da shida aka haife ni a hannun dama,
nan sunan ya samo asali.
Wanzami ya ɗaure na shidan da zare,
ya bushe, ya faɗi kafin ranar suna,
aka sallame shi da mudun gero da goro biyar.
Mai cirewa ake biya.
Haka na tarar da duniya.

Shekara talatin da huɗu bayan nan,
a wani sansani can ƙetaren teku,
ina gyaran janareta ga kamfanin da ke dafa wa sojojin wasu abinci,
bel ya kama rigata, ya kira hannuna,
ya karɓi uku, bai ba da rasit ba.

Na dawo Mabera da jaka ɗaya,
da takarda mai hatimi,
da hannun da sifana ke zame masa.
Ko tasbihin bayan salla,
sai na yi ta zagaya gaɓoɓin da suka rage
kamar jakin da aka ɗaure da gajeren igiya.

Wani ɗan Yuganda da muka raba ɗaki
ya turo mini lambar wata lauya.
Na kira ta daga rumfar cajin Modi a Gawon Nama,
can ne waya ba ta yankewa.
Tafinta na tsakaninmu, yana tauna magana kafin ya miƙo.
Ta ce akwai diyya, akwai inshora.
Ban bar ta ta kai aya ba:
Nawa ne naki?

Ta ce: Ba daga aljihunka ba.
In sun ƙi, muka ja, muka yi nasara,
su za a sa su biya ni,
alƙali ne zai duba awoyina ya yanke.
In mun faɗi fa?
To, na yi aikin banza, kai ba ka da bashi.

Kawu Ladan ya ji, ya ture kofin shayi.
Shi da ya yi shekara goma sha ɗaya
yana shari'ar fadamar albasa a Kwalkwalawa,
bijimi biyu suka bi ta tagar kotu,
kowace ɗagewa da kuɗin man motar lauya.
Ya ce: Wanga zance bai shiga kaina.
Ina ka taɓa jin kura ta ciyar da kare
don ya yi mata haushi?
Wanda ya ba makaɗi riga, shi a ka wa kirari.

Ban da amsa.
Na dai tarar Ige ta fitar da keken ɗinkinta zaure,
ta lulluɓe shi da zane kamar mai jinya,
dillali zai zo bayan la'asar.
Na ce ta mai da shi ɗaki.
Ta dube ni, ta dubi hannun,
ta ɗauki kan, ni na ja ƙafafun da hagu.

Wata bakwai ke nan.
Likitansu, da bai taɓa shan zafin bazarar Sakkwato ba,
ya rubuta cewa ina iya gadi.
Lauyar ta aiko da kwafin lissafinta in gani:
minti goma sha takwas, waya da Cindo;
minti shida, jiran Cindo ya daina shiru.
Ashe har shiruna yana da farashi,
ashe akwai wanda za a aika wa takardar biyansa.

Ko Kawu ne da gaskiya, ban sani ba.
Mangwaro ya zo ya wuce,
keken Ige yana ta surutu har tsakar dare.

Jiya wata takarda ta iso, ana son sa hannu.
Biro ya ƙi zama.
Modi ya buɗe tawadar hatiminsa,
na dangwala da babban yatsa.
Shi dai sun bar mini.